Yadda ake gwada kasko da wuƙaƙen taraktar yankan ciyawa a ƙasar Yamai mai yashi

A daminar da ta wuce wani maigida da nake duba masa ciyawar gidan saukar baƙi a bakin kogi ya kira ni ransa a ɓace. Ya sayar da tsohuwar taraktarsa ta yankan ciyawa mai faɗin santimita 107, ya kawo wata mai santimita 137, injinta ya fi ƙarfi, fentinta na ƙyalli. Yankan farko da aka yi da ita, filin ya fito nan tsawo, can an aske shi har ƙasa, a tsakiyar kowane layi kuma ga siririyar ciyawa a tsaye ba a taɓa ta ba. Yaron da ke tuƙi aka ɗora wa laifi, har ana maganar sallamarsa. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a ba ni kwana biyu in duba ƙarƙashinta." Da na duƙa sai na tarar tayar baya ɗaya ta yi sanyi, wuƙar tsakiya ta lanƙwashe, sauran kuma masu dogon fiffike ne, irin waɗanda ke zuƙe yashi su watsa wa mutum a fuska. Yaron ba shi da laifin komai.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Mu a nan idan za a sayi injin, ƙarfin doki ake tambaya da faɗi da shekarar ƙira, ba mai durƙusawa ya leƙa inda ake yankan. Alhali kyan yanka daga ƙasa yake fitowa, kuma ƙasarmu yashi ce. Abin da ya yi kyau a ciyawar Faransa ko Amurka mai kauri da danshi ba lalle ya yi kyau a unguwannin Yamai irin su Yantala ko Gamkale ba, sai ka gwada a filinka da idonka.

Kasko nake kiran wannan babban murfin ƙarfe da ke kife a ƙarƙashin tarakta, wanda masu faransanci ke ce wa filato. A cikinsa wuƙaƙe ke juyawa, biyu ko uku, kowace a kan mazauninta mai rulma, wato zoben ƙarfe mai ƴan ƙwallaye da ke sa ta juya sumul, bel yana jan su daga injin. Ƙarshen kowace wuƙa ta baya a ɗage yake sama, shi nake kira fiffike. Aikinsa tayar da iska, iskar ta miƙar da ciyawa tsaye, bakin wuƙa ya sare ta, iskar kuma ta fitar da ita. Ba kamar almakashi take yanka ba, gudu ne ke yin aikin. A ƙa'idar da masu ƙera injuna na Amurka ke bi, bakin wuƙa ba ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan mita 96 a daƙiƙa, kusan kilomita 350 a awa. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne dalilin duk wani gargaɗi da zan yi a gaba.

Fara da taka filinka

Kafin ka kwatanta wani kasko da wani, zagaya filin da ƙafa, da safe, kana kallon ƙasa. Yawancin ciyawar da ake shukawa a gidajen Yamai kiri-kiri ce, mai yaɗo, mai jure zafin Afrilu da Mayu in dai tana samun ruwa. Ganyenta a sama yake, ƙasansa kara ne ruwan ƙasa, shi ya sa da kasko ya ɗan nutse sai wurin ya fito kamar an ƙone shi. Duba ko ta rufe ƙasa ruf ko akwai gurabe da yashi ke leƙowa. Duba tudu da kwari, ramin gara, saiwar dogon yaro da ta taso, bakin fanfon ban ruwa. Auna faɗin ƙofar da injin zai bi da tazarar da ke tsakanin itatuwa. Ka tsince tsakuwa da gutsuren marmara da ƙwallon mangwaro, musamman ƙodagon goruba, wanda ya fi duk wani abu lalata mini wuƙa a gidajen bakin kogi. Yara su ci goruba su yar, ciyawa ta rufe shi, sai dai ka ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashinka.

Kasko: bugagge ko haɗin walda

Iri biyu za ka gani. Akwai bugagge, wanda aka ɗauki falle ɗaya na ƙarfe aka danna shi a babban inji ya fito da siffarsa, gefunansa a lanƙwashe ba kusurwa. Akwai kuma na haɗin walda, wanda aka yanka faranti masu kauri aka haɗa, yana da kusurwoyi kamar akwati. Ana rubuta kaurin da geji, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri: geji 12 kusan milimita 2.7 ne, geji 10 kusan 3.4, geji 7 kusan 4.5. Bugaggun kasake na injunan gida galibi geji 12 ko 13 ne, na walda kuwa daga 11 zuwa 7.

Mutane na ɗauka mai kauri shi ya fi iya yanka. Ba haka ba ne. Bugagge cikinsa sumul yake, iska na zagayawa ba ta cin karo da kusurwa, don haka a ciyawar gida mai laushi yakan yanka da kyau daidai da na walda, wani lokaci ma ya fi. Inda na walda ya yi zarra shi ne jure bugu da jure yashi. Yashin da wuƙa ke watsawa yana goge cikin kasko kullum, fenti ya tafi, damina ta zo tsatsa ta kama, wata rana ka ga rana na leƙowa ta wani huji kusa da bakin fitar ciyawa. Kuma in na walda ya tsage, duk mai walda a kasuwar Katako ta Yamai zai gyara maka shi cikin sauƙi, siririn bugagge kuwa da wuta ta yi yawa sai ya huje ya murɗe. Ga gida mai ciyawa a rufe, bugagge ya isa. Ga filin makaranta ko filin ƙwallo mai yashi da tsakuwa, na walda nake zaɓa ko da ya tsufa.

Tunda yawancin injunan da ke zuwa mana na hannu ne, ka sa a ɗaga maka gaban injin a tokare shi da kyau ka leƙa da fitila. Ƙwanƙwasa kewayen mazaunin wuƙa da sifana, domin nan ne tsatsa ke fara cin kasko. Kama kowace wuƙa da safar hannu ka girgiza sama da ƙasa. In ta yi motsi ko ta yi gurnani da ka juya ta, rulma ta mutu, kuma babu wuƙar da za ta yanka daidai a kan mataccen mazauni.

Sai faɗi. Injunan Amurka da inci ake lissafa su: 42, 46, 48, 54, wato santimita 107, 117, 122, 137. Mai 42 wuƙa biyu gare shi, masu 48 da 54 uku. Ga lissafin da na yi wa Alhaji a bayan takarda. Filin ƙwallo mai mita 105 a 68 murabba'in mita 7,140 ne. Kasko mai santimita 107 a gudun kilomita 5 a awa zai ci 5,350 a awa a lissafi, in ka cire kashi ɗaya cikin biyar na juyawa da hawan layi kan layi ya rage kusan 4,300, wato awa ɗaya da minti 40 a gama filin. Mai santimita 137 zai gama a awa ɗaya da minti 20. Ribar minti 20 ce a cikakken filin ƙwallo. A gidan da ciyawarsa ba ta wuce murabba'in mita 1,500 ba, ribar ba ta kai lokacin shan shayi ɗaya ba, a madadinta kuma ka samu kasko mai faɗi da ba ya bin tudu da kwari: gefe ɗaya ya hau tudu ya aske, ɗayan ya bar ciyawa a kwari. In filinka ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ƙaramin kasko ya fi yi maka kyau.

Duba zurfinsa ma. Mai zurfi, kamar santimita 13 zuwa 14 na injunan ƴan kwangila, yana ba ciyawa wurin miƙewa, yana kuma haɗiye ciyawar Agusta mai yawa ba tare da ya shaƙe ba. Duba ƙananan tayoyin da ke gefen kasko, waɗanda ke hana shi nutsewa a tudu. Ba don su ɗauki nauyinsa aka yi su ba. A daɓe ya kamata su tsaya sama da ƙasa da kamar santimita ɗaya. Akwai kuma wasu injunan Turai masu kwandon tara ciyawa a baya da wuƙaƙensu biyu ke shiga hurumin juna, bel mai haƙora ke tsare lokacinsu don kada su haɗu. Yankansu na da kyau ƙwarai, ba sa barin layi a tsakiya, amma da wuƙa ta bugi ƙodago bel ya tsallake haƙori sai wuƙaƙen su sari juna. A fili mai tarkace ina guje musu.

Wuƙaƙe, inda maganar take

A nan ne za ka fi samun bambanci da kuɗi kaɗan. Ka ajiye wuƙaƙe a kan tebur ka dube su ta gefe, tsayin fiffike shi zai gaya maka halin kowace.

Mai dogon fiffike tana tayar da iska mai ƙarfi. A tsakiyar damina, lokacin da kiri-kiri ta yi kauri, aya-aya ta cika ta, ganye ya kwanta saboda ruwa, ita ce ke miƙar da shi ta yanke shi daidai, ta jefa shi nesa ko ta cika kwando. Amma ba ta san bambancin ciyawa da yashi ba. A rani, a filin da ke da gurabe, za ka ga ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin mai tuƙi, matatar iskar injin ta toshe, yashin kuma ya riƙa cin wuƙar da kaskon tare. Tana kuma jan ƙarfin injin fiye da sauran, man da ake sha ya ƙaru.

Mai gajeren fiffike saboda ƙasa mai yashi aka yi ta. Iskarta kaɗan ce, ta isa ta ɗaga gajeriyar ciyawa busasshiya ba tare da ta kwashe ƙasa ba. Ƙura ta ragu, ƙara ta ragu, wuƙar ta daɗe. Rauninta doguwar ciyawa mai danshi: za ta bar wasu ganyaye a kwance, ta zubar da yankakkiyar a dunƙule. Ni ita nake ɗaurawa daga Nuwamba har ruwan farko na Yuni, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne ita ce ta fi wuyar samu a kasuwa, domin injunan da ake kawo mana da wuƙaƙen ƙasashen da suka fito suke zuwa. In kana da mai zuwa waje ko mai yi maka oda, ita za ka fara sa wa a nemo.

Mai matsakaicin fiffike ita ke zuwa da yawancin injuna daga kamfani. In kuɗinka na saiti ɗaya ne kawai, tsaya a kanta.

Sai mai niƙa, wadda jikinta ke da lanƙwasa kuma kaifinta ya fi tsawo. Tana juya ciyawa a cikin kasko ta sare ta sau da yawa har ta zama gari-gari ta koma ƙasa ta zama taki. Sai an toshe bakin fitar ciyawa da murfinsa take aiki sosai, kuma tana son busasshen ganye da yanka akai-akai. Ga ƙasarmu mai yunwar taki, mai saurin shanye ruwa, wannan alheri ne, in dai ciyawar ta rufe ƙasa. In akwai gurabe, yashin ne zai yi ta zagayawa a rufaffen kasko ba mafita. Akwai ƴar uwarta mai haƙora a fiffike, wadda kamfanin Oregon ya yi suna da ita da sunan Gator. Haƙoran ba su ke yanka ba, iska suke karkatarwa don ciyawa ta sake faɗowa kan kaifi. Tana da amfani lokacin da ganyen mangwaro da na dogon yaro suka zuba.

Wani abu da littattafan injunan ba su san da shi ba: a Yamai yankakkiyar ciyawa ba shara ba ce. Mai gadi na da tumaki, mai ban ruwa na kiwon ragon layya, kowa na jiran rabonsa. In haka ne a gidanka, wuƙar niƙa ba taka ba ce, ka bar bakin kasko a buɗe da matsakaiciyar wuƙa don ciyawar ta fito da ɗan tsawo a iya sharewa. A baza ta a rana ta bushe, kada a tara ta a buhu da ɗanyenta domin nan da nan take zafi ta ruɓe. Kada a ba doki, kuma kada a ba kowace dabba in an yi wa filin feshin magani.

Kafin ka biya kuɗin wuƙa, cire tsohuwar ka tafi da ita. Ana auna tsawo daga kusurwa zuwa kusurwar da ke ɗaya ƙarshen, a karkace. Kasko mai inci 42 wuƙaƙensa kusan santimita 54 ne kowace. Ramin tsakiya ma iri-iri ne: tauraro mai tsini 5 a yawancin Husqvarna, mai tsini 6 a yawancin MTD, mai tsini 7 a ƙananan John Deere na gida, wasu kuma zagayayyen rami. Kada ka yarda a faɗaɗa rami da magagari don ta shiga. Kada kuma ka yarda a ƙera maka wuƙa da sifirin mota ko wani faranti, ko a miƙe wadda ta lanƙwashe da wuta, ko a yi mata walda. Maƙeranmu gwanaye ne, na sani, amma ƙarfen da ke gudun kilomita 350 a awa in ya ɓalle ba ya tambayar wane ne a tsaye.

Daidaita injin kafin gwaji

In ka tsallake wannan, duk gwajin da za ka yi ƙarya zai gaya maka. Kai injin kan daɓen siminti mai shimfiɗa, ka ja birki, ka zare makulli, ka cire wayar buji, wato filogin da ke ba injin wuta.

Fara da iskar taya. A ma'aunin iska, yawancin waɗannan injuna kusan bar 1 suke so a gaba, bar 0.7 a baya, amma ka bi abin da littafin naka ya ce. Masu faci sun saba da babur da mota, in ba ka tsaya a kai ba za su cika ta ta yi tauri kamar dutse. Ƙayar tsaida da ta aduwa kuma na sa taya ta riƙa sacewa a hankali, har gefe ɗaya ya sauka da santimita guda ba ka lura ba.

Sa kasko a tsakiyar tsayinsa. Juya wuƙaƙen gefe su miƙe daga hagu zuwa dama, ka auna daga daɓe zuwa bakin wuƙa na waje a kowane gefe. Wuƙar za ka auna, ba leɓen kasko ba, domin leɓen ya sha bugu. Bambancin kada ya wuce milimita 3. In ya wuce, akwai noti a sandunan da kasko ke rataye a kai, da shi ake ɗagawa ko saukewa. Sannan juya wuƙa ta miƙe gaba da baya. Bakin gaba ya kamata ya fi na baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Dalili shi ne a sare ciyawa sau ɗaya a gaba, bayan wuƙar ya wuce ta samanta. In baya ya fi sauka, sau biyu ake saranta, bakin ganye ya tsattsage, injin ya wahala a banza. Rula ba ta shiga ƙarƙashi da daɗi, don haka ni guntun katako nake tsayarwa kusa da bakin wuƙa in ja layi da fensir, in fito da shi in auna.

Don gane lanƙwasasshiyar wuƙa, auna baki ɗaya a wuri ɗaya, ka juyo ɗayan bakin zuwa daidai wurin ka sake aunawa. In sun bambanta da fiye da milimita 3, ko wuƙar ta lanƙwashe ko sandar mazauninta. Kankare busasshiyar ciyawa da laka da ke manne a cikin kasko, ka duba bel ko ya saki ko ya tsattsage.

Gwajin kansa

Yi ban ruwa da yamma, ka yi gwajin washegari da hantsi, lokacin da ganye ya bushe amma ƙasa na da sauran sanyi. Wannan dabara kaɗai na rage ƙura sosai ko da wace wuƙa ce. Bari ciyawar ta kai kamar santimita 7 da rabi, ka sa kasko a 5, domin ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya.

Kafa turaku ka ja igiya, ka fitar da layuka masu tsawon mita 20 a wuri mai kama da juna, kowane saitin wuƙa layi uku, ɗaya daga ciki ya bi ta inda yashi ke leƙowa. Dukan wuƙaƙen su zama sababbin wasawa. Mutum ɗaya zai tuƙa duka. Totur a buɗe har ƙarshe kullum, da giya ake rage gudu ba da totur ba, domin da injin ya sassauta wuƙa ta daina sara ta koma tsinka. Gudun kilomita 5 a awa shi ne cin mita 20 a daƙiƙa 14, sai wani ya tsaya da agogon waya yana dubawa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In wuƙa kake gwadawa, injin ɗaya, tsayi ɗaya. In kasko biyu kake kwatantawa, naka da na maƙwabci ko wanda ake son sayar maka, to su ɗauki wuƙa iri ɗaya. Wurin cire wuƙa, tokare ta da katako a jikin kasko, ka sa safar hannu, kuma wurin mayarwa fiffike sama yake kallo, wajen kasko. Na sha tarar da wuƙa a kife, an yi wata guda ana dukan ciyawa da bayanta.

Da an gama, durƙusa a ƙarshen layi ka kalle shi daga ƙasa-ƙasa, rana na gefenka. Sa rula a wurare goma ka rubuta tsayin. Tsinko ganye goma daga kowane layi ka shimfiɗa a tafin hannu. Wanda aka yanka da kyau bakinsa a miƙe yake, kore har ƙarshe. Wanda aka tsinka za ka ga fararen zarurruka na leƙowa a bakinsa kamar tsumman da ya yage. Buɗe matatar iska bayan kowane saiti ka ga yawan ƙurar da ta kwasa, ka dubi rigar mai tuƙi ma.

Kowane aibi na da inda ya fito. Siririn layi a tsaye tsakanin wuƙaƙe: bakinsu ya cinye sun gajarce, ko gudu ya yi yawa. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo kamar matakala: taya ce ko ratayar kasko. Yanka mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa: lanƙwasasshiyar wuƙa ko matacciyar rulma. Ganyaye tsilli-tsilli a tsaye ko'ina: iska ta yi kaɗan, ko bel na zamewa, ko cikin kasko ya cushe. Dunƙulen ciyawa a baya: danshi ya yi yawa ko fiffike ya gaza. Askewa a kan tudu: kasko ya yi wa filin faɗi, ko ƙananan tayoyinsa sun yi sama da yawa.

Kada ka yanke hukunci ranar. Dawo bayan kwana biyu da la'asar. Layin da aka tsinka zai yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa masa toka, domin yagaggen baki ya fi saurin bushewa a zafin nan namu, kuma ta nan cuta ke shiga. Layin da ya zauna kore shar, wuƙarsa ce taka a wannan lokaci na shekara. Ka maimaita gwajin sau ɗaya a Agusta, sau ɗaya a Fabrairu ko Maris, za ka ga ba wuƙa ɗaya ce ke cin duka biyun ba.

Wasawa da duban cin yashi

Littattafai kan ce a wasa bayan awa 25 na aiki. A yashinmu ni rabin haka nake yi. Bi kusurwar da ta zo da ita, kusan digiri 30, ta sama kawai, ƙasan a bar shi a shimfiɗe. Farkon shigata wannan aiki na kai wuƙaƙe wurin wani dattijo mai wasa ƙarfe a Katako, na ce, "Baba, a fitar mini da kaifi sosai." Ya juya wuƙar a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan ba wuƙar fawa ba ce. In na mayar da bakinta reza, kafin ka kai ƙarshen layi yashi ya naɗe shi." Ya bar mata ɗan kauri a baki, ƙasa da rabin milimita, yana yi yana tsoma ta a ruwa don kada ta yi zafi. In ka ga bakin ya koma shuɗi a kan dutsen wasawa, ƙarfen wurin ya yi laushi ke nan, ba zai riƙe kaifi ba. Magagari ya fi jinkiri amma ba ya ƙona ƙarfe.

Bayan wasawa rataya ta ta ramin tsakiya a kan ƙusa a bango. Gefen da ya sauka ya fi nauyi, ka ƙara rage shi har ta tsaya a kwance. Wuƙar da ba ta daidaita ba ita ke girgiza injin ta kashe rulma.

Duk lokacin da ta fito, shafa yatsa a inda fiffike ya fara tashi daga jikin wuƙar. Nan yashi ke ci. Da farko wurin zai yi santsi yana ƙyalli, sannan ya yi siriri, sannan wata ƴar tsaga ta buɗe a tsawonsa. Da ka ga siririn ya fara, ka jefar da ita ko da bakinta na da kaifi, domin abin da ke biyo bayan tsagar shi ne fiffiken ya ɓalle ya fita ta bakin kasko. Saboda wannan ne ma ba na yarda a ɗaure murfin bakin kasko sama da igiya, kuma ba na kunna wuƙa in akwai yaro a filin.

A gidan Alhaji mun bar babbar taraktar, tunda an riga an saya, amma mun ɗaga kaskon zuwa santimita 6 saboda tudun da ke wajen itatuwan mangwaro, muka sauke ƙananan tayoyinsa rami ɗaya. Ya sa aka kawo saiti biyu, mai gajeren fiffike na rani da matsakaiciya ta damina, na shafa wa na rani jan fenti a tsakiya don kada a gauraya su. Yaron yana nan a bakin aikinsa. Ya manna takarda a bayan ƙofar ɗakin kaya, yana rubuta awannin da ya yi kowace rana, in sun kai 12 sai ya kwance wuƙaƙen ya ɗaure a bayan keke ya kai Katako.